Wasa da Buɗe Bakin Yara Masu Jinkirin Fahimta: Sharhi a kan Manhajar Hukumar Lafiya ta Duniya bisa Halin Madawa, Buza da Keita

1.0 Gabatarwa

Makasudin wannan maƙala shi ne a yi sharhi a kan wani ɗan sashe na wani littafi wanda ba domin masana harshe aka rubuta shi ba, amma kuwa ya ɗora musu aiki. Littafin shi ne jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1999 domin likitoci masu jinyar yaran da tamowa mai tsanani ta kama. Sashen kuwa shi ne wanda ya yi bayanin wasa, wato yadda za a yi amfani da shi a farfaɗo da hankalin yaro da bakinsa bayan an farfaɗo da jikinsa. Za mu auna wannan sashe da halin gundumomi uku na jihar Tawa, Madawa da Buza da Keita, inda tamowa da zazzaɓin sauro ke cika asibiti da yara kowace damina, inda kuma ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka take aiki tare da ma'aikatar lafiya a Madawa tun 2006.

Da "jinkirin fahimta" muna nufin halin yaron da bai kai shekara biyar ba, wanda ya makara ƙwarai a bayan tsaransa wajen gane abubuwa, da kwaikwayo, da magana. Sanadin abin yana da yawa: tamowa, zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, ƙarancin ayodin a jikin uwa, wahalar naƙuda, ko kuwa halitta. Mun zaɓi kalmar "jinkiri" da gangan. Kalmomin da bakin jama'a ya saba da su, irin su wawa da dolo da gaula, hukunci ne suke yankewa, hukuncin kuma yakan sa a daina yi wa yaro magana. Mai jinkiri kuwa yana kan hanya, ana iya tarbarsa.

2.0 Abin da manhajar ta ƙunsa

Jagoran ya ba da shawarar a yi wasa da kowane yaro shi kaɗai na minti 15 zuwa 30 a kowace rana, ban da wasan da yara za su yi a tsakaninsu. Ya zana kayan wasa da za a iya ƙerawa da tarkacen gida: gwangwani a matsayin ganga, gorar roba mai ƴan duwatsu a ciki, murafan kwalba da ake jerawa, gutattakin katako da ake sakawa a mazubi a fitar, da ƴar tsana ta tsumma. Game da harshe kuwa, ƴan layuka ne kawai: a koya wa yaro waƙoƙin gida da wasannin yatsu, a sa shi dariya, a riƙa faɗa masa abin da yake yi, a haɗa kalma da aiki. Daga nan sai a koya wa uwa domin ta ci gaba idan an sallame su.

Ba a sama wannan shawara ta faɗo ba. A birnin Kingiston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu an riƙa kai musu ziyara gida sau ɗaya a mako, awa ɗaya, har shekara biyu, ana nuna wa iyaye mata yadda ake wasa da yaro da yi masa magana. Sakamakon da aka buga a 1991 ya nuna waɗannan yara sun ci gaba fiye da waɗanda ba a ziyarta ba. Da aka sake bin sawunsu bayan shekara 20, rahoton 2014 ya nuna abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari.

Ta fuskar ilimin halayyar yara ma tushen yana da ƙarfi. Piaget, a littafinsa na 1945 kan samuwar alama a wurin yaro, ya nuna cewa wasan kwaikwayo da magana reshe biyu ne na itace ɗaya, wato iya ɗaukar wani abu ya tsaya a madadin wani. Vygotsky, a laccarsa ta 1933, ya kawo misalin yaron da ya hau sanda ya ce doki ne. Duk Bahaushe ya san dokin kara. Yaron da ya iya mai da kara doki ya riga ya raba ma'ana da abin da ido ke gani, wannan kuwa shi ne aikin da kalma take yi. Binciken Hill da McCune-Nicolich na 1981 a kan yara masu lalurar Down ya nuna suna bin matakan wasan kwaikwayo iri ɗaya da na sauran yara, sai dai a hankali, kuma matakin da yaro ya kai ya fi bin ƙarfin fahimtarsa a kan yawan watanninsa. Saboda haka ba mu da ja a kan tushen manhajar. Gardamarmu a kan abu uku take: wurin wasan, da mai wasan, da harshen wasan.

3.0 Wurin wasan

An rubuta jagoran ne a zamanin da jinyar tamowa take nufin kwanciya a asibiti na makonni. Bayan matsalar abinci ta 2005 a Nijar, da yaɗuwar abincin gyaɗa na magani irin Plumpy'Nut, da sanarwar haɗin gwiwa ta hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007, tsarin ya sake. Yaron da ba shi da wata cuta ta daban, yana kuma iya cin abinci, a gida ake jinyarsa, ana kawo shi awo cibiyar CRENAS mako-mako. Sai wanda abin ya yi wa tsanani ake kwantarwa a CRENI, shi ma na ƴan kwanaki. Ke nan ɗakin wasan da jagoran ya zana, mai fenti da hotuna a bango, galibin yaran ba za su taɓa shiga cikinsa ba. Wanda ya shiga ma yana cikin halin da ko zama ba ya iya yi, da zarar ya fara murmushi kuma sai sallama.

Wasan da zai yi amfani, to, a tsakar gida za a yi shi, a ƙauyukan kwarin Tarka da na Majiya da kan duwatsun Adar. Yaron da jinkirinsa bai samo asali daga tamowa ba kuwa, dama ba shi da dalilin zuwa waɗannan cibiyoyi ko kaɗan. Gida ne kaɗai makarantarsa.

4.0 Mai wasan

A nan ne babbar matsalar take. Hoton da ke cikin zuciyar marubutan jagoran shi ne na uwa ɗaya da ɗa ɗaya, suna fuskantar juna, da abin wasa a tsakaninsu. Kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2012 kan kula da girman yaro ya faɗaɗa kalmar zuwa "mai kula da yaro", ya kuma shigo da uba, amma zaman bai sake ba: babba ɗaya, yaro ɗaya, ido cikin ido.

Wannan zama al'ada ce ta wasu mutane, ba dokar halitta ba ce. Ochs da Schieffelin sun nuna a 1984 cewa a tsibirin Samowa da wajen Kaluli na Fafuwa Niyu Gini iyaye mata ba sa ɗaukar jariri a matsayin abokin hira, amma yara suna koyon harshe sarai ta hanyar taron gida. Jacqueline Rabain, a littafinta na 1979 kan yaran Wolof na Senegal, ta nuna yadda ake fitar da yaro daga jikin uwa zuwa hannun dangi da tsara daga yaye. A ƙasar Hausa kanta, binciken Marvin da LeVine da abokan aikinsu a arewacin Nijeriya, wanda aka buga a 1977, ya tarar jariri yana shaƙuwa da masu reno uku ko huɗu a gida ɗaya.

Sa'an nan ga kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta yi haihuwar farko ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma ko kallonsa ba ta yi idan surukai na nan. Baba ta Karo ta yi bayanin wannan a littafin da Mary Smith ta buga a 1954, al'adar kuwa ba ta gushe a karkara ba. Mu ɗauka ma'aikaciyar lafiya ta tara mata a rumfa, ta ce wa irin wannan yarinya ta kalli ɗanta, ta kira sunansa, ta yi masa waƙa. Yarinyar za ta sunkuyar da kai. Wanda bai san dalili ba zai rubuta cewa uwar ba ta damu da ɗanta ba, alhali tarbiyya ce ta nuna.

Amma al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wata. Tsakanin kaka da jika akwai wasa halattacce: kaka tana kiran jikanta namiji "mijina", tana kiran ta macen "kishiyata", tana tsokanarsa, tana neman ya rama. Babu wata dangantaka a gidan Bahaushe da aka gina a kan ba'a da maimaici da jiran amsa kamar wannan, waɗannan kuwa su ne ainihin abin da mai jinkirin magana yake bukata. Bayan kaka akwai ƴar reno, wato yayar da ke goyon ƙanenta, da abokiyar zaman uwa, da gwaggo.

Halin aiki ma ya goyi bayan wannan. Adar ƙasar ci-rani ce, maza suna tafiya Nijeriya da Kwaddibuwa da Libiya da zarar an gama girbi. A babban aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin jera duwatsu da dashen itatuwa. Matar da za ta je rijiya, ta yi daka, ta nemo itace, ta taya aikin albasa, ba ƙaramin abu ba ne a ce ta ware rabin awa ta zauna wasa. Tsohuwar da ke gindin zana tana da wannan lokaci.

Akwai darasi a wani gwaji na cikin gida. Shirin tallafin kuɗi na gwamnatin Nijar da Bankin Duniya, wanda aka fara a 2011, ya riƙa ba mata jika 10 a wata, tare da tarurrukan faɗakarwa da ziyarar gida kan abinci da tsabta da wasa da yara. Patrick Premand da Oumar Barry sun auna shi a jihohin Doso da Maraɗi. Sun tarar halayen reno sun gyaru, an kuma sami ɗan ci gaba a zamantakewar yara, amma fahimtarsu ba ta ƙaru ba. Idan aka gwama wannan da na Jamaika, inda ake zuwa kowane mako a yi wasan a gaban ido, sai mu ce nasiha ita kaɗai ba ta buɗe bakin yaro.

5.0 Harshen wasan

Layin da ya ce a koya wa yaro waƙoƙin gida layi ne mai kyau, sai dai fanko ne. Wace waƙa, a wane mataki, domin koyon me? Hukumar da ke Janeba ba za ta iya cika wannan gurbi ba, aikinmu ne. Ga wasu abubuwa na ginin Hausa da ya kamata manhaja ta ginu a kansu.

(a) Amsa-kama. Kalmomi irin su tim, da wuf, da tsundum, da zuruf gajeru ne, sautinsu yana kama da aikin, kuma da wuya a faɗe su ba tare da motsa hannu ko fuska ba. Imai da abokan aikinta sun nuna a 2008 cewa yaran Japan ƴan shekara uku sun fi saurin kama sabon aikatau idan sautinsa ya yi kama da aikin. Hausa tana da irin waɗannan kalmomi birjik. Duk lokacin da aka jefa dutse a ƙwarya mai ruwa aka ce "tsundum", an haɗa kalma da aiki fiye da yadda fassarar kowane misali na jagoran za ta yi.

(b) Wasalin -o na aikatau. Hausa tana bambanta kai da kawo, jefa da jefo, shiga da shigo, tafi da taho. Bambancin yana nuna ko aikin ya nufo mai magana. Ba a koyon wannan da hoto, sai da mutum biyu suna miƙa wa juna abu, in da hali ma uku. Wasan gara lemo ko ƙwallon tsumma tsakanin kaka da yaya da yaro darasin nahawu ne cikakke.

(c) Jinsi. Faransanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna na mutum na biyu, Hausa kuwa tana yi: kai da ke, ka zo da ki zo. Wasan ƴar tsana, inda yarinya ke yi wa ƴarta faɗa tana ba ta tuwon ƙasa, fage ne na wannan.

(d) Karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙe da wasula ɗaya suke da su, kari ne ya raba su. Yaron da yake maimaita karin kalma daidai, ko da baƙaƙen ba su fito ba, ya riga ya kama wani ɓangare na kalmar. Mai awon da aka horar da shi da ma'aunin Faransanci ba zai ƙirga masa wannan ba.

(e) Amshi. Waƙar gaɗa tana da mai bayarwa da masu amshi, amshin kuwa gajere ne, ba ya sakewa, kuma an san lokacin da zai zo. Haka buɗe tatsuniya da kacici-kacici suke, kira ne da amsa. Bruner, a littafinsa na 1983, ya nuna cewa irin wannan tsari mai maimaituwa, wanda babba ke barin gurbi yaro ya cika, shi ne tsanin da yaro ke takawa ya shiga magana. Mu ba sai mun ƙirƙiro shi ba.

Wajibi ne a ƙara da batun karin harshe. Hausar Adar, wadda Bernard Caron ya bayyana nahawunta a 1991, da ta Gobir da ake ji wajen Madawa, sun bambanta da daidaitacciyar Hausa. Ana cewa tahi da hita da hwara, ana cewa "yaro na" da "yarinya ta" a inda Bakano zai ce "yaro ne" da "yarinya ce". Takardar awon da aka fassara da Kananci za ta iya mai da daidai kuskure. Haka kuma a Keita da kewaye akwai gidajen da ake Tamajak ko Fulatanci tare da Hausa. Yaron da ya san sunan akuya da harshe ɗaya, sunan nono da wani, dole a haɗa masa kalmominsa duka kafin a ce yana da jinkiri. Jam'i ma haka: harshen da ke da karnuka da awaki da gidaje da mata ba za a auna shi da lokacin da ɗan Ingila ke koyon ƙara harafi ɗaya a ƙarshen suna ba.

6.0 Laifin wasanninmu

Kada a ɗauka muna cewa wasannin gargajiya sun wadatar yadda suke. Da yawansu wasannin gasa ne da fitarwa. Langa tana son ƙarfin ƙafa, carafke tana son saurin hannu, a jini-jini kuwa wanda ya yi kuskuren amsa duka yake sha. Yaro yana shiga wasan tsara ne idan ya iya tafiya ya bi su waje. Mai jinkiri yakan daɗe a goye, wanda ke goye kuwa ƙeya yake kallo. Idan an sauke shi, sai a zaunar da shi a inuwa, ya zama ɗan kallo. Da yake ba ya amsawa, masu yi masa magana sukan gaji su bari, sai jinkirin ya haifi wani jinkirin. A inda aka yi imani cewa irin wannan yaro ɗan ruwa ne, abin ya fi muni, gama ɓoye shi ake yi.

Don haka gyara ake bukata. A rage saurin waƙa, a tsaya kafin amshi a jira shi ko da zai ɗauki lokaci, a karɓi tafi ko nuni da hannu a matsayin amsa, a cire duka da fitarwa. A kuma kiyaye abu ɗaya: kada shigo da ƴar reno ya zama hujjar hana ta zuwa lakwal. Wasan yamma ya isa.

7.0 Shawarwari

Na farko, a tattara maganar da ake yi wa jarirai a gundumomin nan uku, da naɗar murya, daga bakin kakanni da ƴan reno. Ferguson ya yi irin wannan kwatance a kan harsuna shida tun 1964. Kalmomi masu ninki irin su tata da mama da kaka da yaya su ne mafarin jerin.

Na biyu, a tsara jerin kalmomin farko na yara da Adaranci da Gobiranci da Tamajak da Fulatanci, wanda za a cika ta hanyar tambayar mai reno da baki. An yi haka a Kilifi ta Kenya da Swahili da Giryama, an kuma gina ma'aunin girman yara na Malawi a 2010 bisa abubuwan da yaran ƙauye suka saba da su.

Na uku, masu tsara yaƙi da jahilci su sa wannan cikin littattafan karatun manya, da boko da ajami: wasa ɗaya a shafi ɗaya, da bayanin wanda zai yi shi da abin da yake koyarwa. Gidajen rediyon karkara su watsa shi da muryar tsofaffin wurin.

Na huɗu, duk yaron da bai buɗe baki ba a fara duba jinsa, domin sanƙarau da ciwon kunne suna kurmantarwa, kurma kuwa hankalinsa lafiya lau yake.

8.0 Kammalawa

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kundin 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Tun daga makarantun gwaji na 1973 ƙoƙarinmu ya fi karkata ga yaron da ya riga ya iya magana, ana so ya iya karatu. Manhajar 1999 ta tuna mana da wanda bai kai ƙofar aji ba, ta kuma yi gaskiya da ta ce wasa magani ne. Abin da ta bari a buɗe shi ne wanda zai yi wasan da kalmomin da za a yi shi da su. A Madawa da Buza da Keita masu wasan suna nan a cikin gida, kalmomin kuma suna bakinsu. Saura a je a naɗa, a tsara su mataki-mataki, a mayar musu da su a rubuce.